Wayar Hannu da Awon Damtsen Yara a Ƙetaren Kogin Kaduna

Kowane manomi ya san yadda ake gane gonar da ta rasa taki. Ganyen masara ya kan yi fatsi-fatsi, kara ya sirance, tun ba a kai ga fidda kai ba mai gona ya san abin da zai samu ran girbi. To, haka jikin yaro yake, sai dai shi alamarsa ba ta bayyana da wuri ga wanda bai san inda zai duba ba. Binciken lafiya da aka yi ko'ina cikin Nijeriya a 2018 ya nuna cikin yara 100 da ba su kai shekara 5 ba, 37 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A jihohin arewa maso yamma, inda Kaduna take, lissafin ya kai 57. Abin mamaki kuwa, nan ne ƙasar dawa da gero da gyaɗa.

Unguwannin da ke ƙetaren kogi, kamar su Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Sabon Tasha, suna da nasu hali dabam. Masaƙu ne suka tara mutane a can. An buɗe ta farko a Kakuri cikin 1957, waɗansu suka biyo baya, mutane suka yi ta zuwa daga ko'ina neman aiki. Da masaƙun suka durƙushe bayan shekara ta 2000, iyalan ma'aikata da yawa suka zauna ba albashi, ba kuma gona. Mai rumbu ya kan san saura dami nawa ya rage masa. Wanda yake awo a kasuwa kuwa, mudu ne rumbunsa, in hatsi ya hau yau, gobe tukunyarsa ta ragu. Abin da aka fara ragewa kullum shi ne wake da kifi da ƙwai, tuwo ne ƙarshen tafiya. Yaro sai ya ƙoshi da koko, cikinsa ya cika, jikinsa kuwa yana ramewa.

Ga yadda ma'aikatan lafiya ke gane yaron da tamowa ta kama. Akwai wata 'yar igiyar awo mai launi uku, ana naɗa ta a tsakiyar damtsen yaro, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ana yi wa yara daga wata 6 har su kusa cika shekara 5. In awo ya kai santimita 12 da rabi ko ya wuce, kore ke nan, ba laifi. In ya faɗi tsakanin 11 da rabi da 12 da rabi, rawaya, sai a ƙara lura da abincinsa. In ya kasa 11 da rabi, ja ke nan, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe. Ana kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga uku, in gurbin yatsa ya zauna, wannan kumburi ba ƙiba ba ne, ciwo ne mai haɗari. Awon ba shi da wuya. A Mirya ta ƙasar Damagaram an koya wa iyaye mata a 2013 da 2014, aka ga awonsu bai kasa na ma'aikata ba, har ma sun fi kawo yara da wuri, don su ne ke tare da yaran dare da rana.

To, ina wayar hannu ta shigo? A da, malamin asibiti ya kan rubuta awon cikin babban littafi. Ƙarshen wata ya haɗa lissafi a takarda, ya aika ofishin ƙaramar hukuma, can ma a haɗa a aika gaba. Kafin labari ya isa ga masu raba magani an yi makonni, yaron da aka rubuta kuwa ko ya warke ko an binne shi. Yanzu akwai manhaja, watau wani tsari da ake sa wa cikin waya, mai kama da littafin akawu. Ma'aikaci ya shigar da shekarun yaro da nauyinsa da awon damtsensa da unguwarsu, ita kuma ta yi lissafi nan take, ta faɗi ko yaron na cikin haɗari. In ba intanet a wurin, ta ajiye har a samu, sa'an nan ta aika. An gwada irin wannan a ƙasar Malawi tun 2009 da gajeren saƙon waya kawai. Babban rumbun da Nijeriya ke tara lissafin asibitocinta kuwa sunansa DHIS2, Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke kula da ƙirarsa. Gwamnatin Kaduna ta kafa shirin gaggawa na yaƙi da tamowa a 2017, jihar kuma tana cikin 12 da aka sa a shirin ANRiN wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2018.

Amfanin farko a fili yake. Maganin tamowa mai tsanani wani kwaɓin gyaɗa ne da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, ya kuma yi suna a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Ƙulli ɗaya giram 92 ne, yaro kuwa ya kan sha makonni yana ci. In lissafi na zuwa kowane mako, mai sito zai san asibitin da kayansa suka kusa ƙarewa kafin su ƙare. Za a kuma ga uwar da ta daina kawo ɗanta, a bi ta gida a ji dalili. 'Yan kasuwa su lura, wannan ƙulli magani ne da ake bayarwa kyauta, ba hajar tebur ba. Wanda ya saya ya sayar, rabon wani yaro ya ci.

Amma abin da ya fi shafar manomi shi ne na biyu. Akwai manhajar da ba awo take tambaya ba, sai abin da aka ci jiya tun daga safe har dare. Da irinta aka yi babban binciken cimar mutanen Nijeriya a 2021, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta jagoranta, shekara wajen ashirin bayan na farko. Masana sun kasa abincin yaro ɗan wata 6 zuwa 23 kashi 8: nonon uwa, hatsi da doya da rogo, wake da gyaɗa, madara, nama da kifi, ƙwai, ganye da kayan lambu masu launin ja ko rawaya irin su karas da kabewa da mangwaro, sa'an nan sauran kayan lambu. Ana so yaro ya taɓa 5 cikin 8 kowace rana. Mai karatu ya ƙirga na gidansa. Koko da safe, tuwon masara da rana, tuwon dawa da dare, duk kashi ɗaya ne, ko an ci sau goma.

Idan aka jera irin wannan lissafi wata bayan wata, abin da ya kan fito shi ne abin da tsofaffi suka daɗe da sani: wahala ta fi yawa cikin damina, daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, ga zazzaɓin sauro da gudawa. Bambancin shi ne yanzu ana iya nuna unguwa da wata da irin abin da ya ɓace daga tukunya. Wannan labari ne na kasuwa ga mai noma wajen Kujama da Kasuwan Magani, da masu lambu a bakin kogi.

Waken soya ya fi kowa cancanta a nan. Abin gina jiki da ke cikinsa ya kusa kashi 40 cikin 100, na gyaɗa wajen 25, na masara bai fi 10 ba. Ana shuka shi daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, yana kuma bar wa ƙasa ƙarfi, masarar da ta biyo bayansa ta kan fi kyau, ƙuduji ma ya kan ragu. Kuskuren da ake yi shi ne a sayar da shi duka ga masu matsar mai da masu abincin kaji tun a masussuka. Ya kamata a ware na gida tukuna. Ana haɗa mudu 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara, da mudu 3 na waken soya da mudu 1 na gyaɗa. A jiƙa waken, a cire ɓawo, a shanya, a soya kowanne dabam, don ɗanyen waken soya ba ya narkewa da kyau a ciki, sa'an nan a niƙa tare a riƙa dama wa yaro. Gyaɗar kuwa a tsince ta sosai. Wadda ta yi funfuna tana ɗauke da dafi mai ɓata hanta, suya kuma ba ta kashe shi.

Sauran magana ta akawu ce. Waya ba ta san ƙarya ba, abin da aka ba ta shi take kaiwa. In ma'aikaci ya zauna gindin mangwaro ya cika sunayen yaran da bai gani ba don a ce ya yi ƙoƙari, magani zai tafi inda ba a bukatarsa. In ya ja igiyar awo ta matse, ko ya sake ta ta yi sako-sako, rabin santimita ya isa ya mai da rawaya ja, ko ja rawaya. Ga kuma batun caji da kuɗin saƙo, wanda in hukuma ba ta ɗauka ba ya kan koma aljihun ƙaramin ma'aikaci. Sunan yaro da ciwonsa amana ne, ba a nuna wa maƙwabta. Uwa kuma tana da iko ta tambayi abin da aka rubuta a kan ɗanta, a gaya mata launin da awo ya nuna da ranar da za ta komo. Maigida ya riƙe ranar nan kamar yadda yake riƙe ranar kasuwa, ya kuma tanadi kuɗin mota tun da sauran kwana.