Aron Dabarun Yaƙi da Shan Inna Domin Tunkarar Gurgusowar Hamada a Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa an kawar da ƙwayar cutar shan inna ta asali daga yankin Afirka, shekara huɗu bayan an ga masu ɗauke da ita na ƙarshe a Jihar Borno a 2016. Wannan maƙala ta waiwayi yadda aka gudanar da wannan aiki a Arewacin Nijeriya, domin ganin abin da masu yaƙi da sauyin yanayi za su iya ara daga ciki, musamman a fagen dashen itatuwa.

2.0 Abin da Aka Ƙidaya

Maganin da ake ɗiga wa yara ya daɗe a hannu, amma cutar ba ta gushe ba. Abin da ya sauya shi ne tsarin gudanarwa. A 2012 aka kafa cibiyar ayyukan gaggawa a Abuja, daga baya wasu jihohi, ciki har da Kano, suka samu nasu. A ɗaki ɗaya jami'an gwamnati da na ƙungiyoyin agaji suke zama su duba alƙaluman kowace ƙaramar hukuma, kuma kowane giɓi yana da jami'in da za a tambaya. Wannan shi ne zagayen da masana harkar kasuwanci suke dangantawa da Ba'amurke W. Edwards Deming: a tsara, a aiwatar, a duba, a gyara.

Matakin dubawar ne ya fi cancantar nazari. Ma'aikata kan shafa tawada a ɗan yatsan yaron da aka ɗiga wa magani, su kuma yi alama da alli a bangon gidan. Bayan sun wuce sai wasu masu bincike na daban su zo, su zaɓi yara 60 a ƙaramar hukuma, su duba yatsunsu. Idan waɗanda aka tsallake sun haura adadin da aka ƙayyade, aikin wannan yanki ya faɗi, sai an sake. Asalin dabarar daga masana'antun Amurka take, inda tun shekarun 1920 ake ɗibar samfuri kaɗan daga tarin kaya domin a karɓi tarin ko a mayar da shi. Ke nan ba rahoton wanda ya yi aikin ake dogara da shi ba, kuma ma'aunin nasara shi ne yaron da aka rasa.

3.0 Dashe da Rayuwar Dashe

Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015, wadda aikinta ya shafi jihohi 11, daga Kebbi da Sakkwato zuwa Yobe da Borno. Abin da aka saba ji a bukukuwan dashe shi ne yawan tsiron da aka raba ko aka binne da damina. Wannan daidai yake da ƙidaya kwalaben magani da suka fita daga sito. Tambayar da ta dace da watan Afrilu take, bayan hunturu da bazara da awaki sun gama nasu: nawa suka rayu? Da za a riƙa zaɓen filaye ba tare da sanarwa ba, masu bincike masu zaman kansu su ƙirga itatuwan da suka shekara biyu, a kuma ɗaure wani kaso na kuɗin ɗan kwangila da wannan sakamako, da lissafin ya sauya.

Jihar Maraɗi ta Nijar ta nuna abin da irin wannan ma'auni zai fito da shi. Tun shekarun 1980 manoma suka koma renon tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gonakinsu, irin su gawo da kalgo, har aka ƙiyasta cewa hanyar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar. A rahoton da ke ƙirga tsiron da aka dasa kawai, wannan aiki sifili ne.

4.0 Iyakar Aron

Kwatancin yana da iyaka. Shan inna cuta ce da ke da rigakafi da kuma ranar da za a ce an gama, alhali gurgusowar hamada ba ta da ko ɗaya. Haka kuma yaron da aka ɗiga wa magani ba ya gogayya da kowa, amma itace yana gogayya da gero a gona da kuma buƙatar makamashi a madafa.

Akwai kuma batun yarda, wanda ya shafi manazarta Hausa kai tsaye. A 2003 an dakatar da rigakafin a wasu jihohin Arewa saboda zargin cewa maganin yana hana haihuwa, kuma Kano ba ta koma ba sai a tsakiyar 2004. Sai da sarakuna da malamai suka shiga, dagatai da masu unguwanni suka riƙa raka ma'aikata, kafin ƙofofi su buɗe. Kalmar rigakafi tana da gindin zama a tunanin Bahaushe, har da karin maganar da ta fifita ta a kan magani. Sauyin yanayi kuwa har yanzu harshen rediyo ne da tarukan bita. Manomi yana maganar jinkirin shuka, da fari a tsakiyar damina, da rijiyar da ta ƙara gaba biyu kafin a taɓo ruwa. Tattara waɗannan kalmomi daga karin harshen Katsina da Sakkwato da Haɗeja, a gina takardun bincike a kansu, aiki ne da ke jiran sassan nazarin Hausa na jami'o'i.