DAJIN FALGORE DA AMFANINSA GA MUTANEN KANO

Mai yiwuwa ɗan kasuwar da ke zaune a rumfarsa a Kasuwar Singa ya ce, "Ina ruwana da namun daji, ni da ke sayar da sukari da shinkafa?" To, ga amsa.

Dajin Falgore yana kudu da birnin Kano, wajen kilomita 150, a ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. An keɓe shi tun zamanin Turawa, cikin shekarun 1940, ana kiransa Gandun Dajin Kogin Kano. Cikin shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji.

Kogin Kano ta cikin wannan daji ya ratsa kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kura da Kadawa. Saiwoyin itatuwa su ne ke riƙe ƙasa. In an sare itatuwan, ruwan sama ya kwashe ƙasar ya kai ta madatsa, madatsa ta cike da yashi, ruwa ya ragu, shinkafa ta yi tsada. Ashe kuwa ɗan kasuwa yana da ruwa.

Da can dajin yana cike da ɓauna da gwanki da kanki da gada. Farauta ba bisa ƙa'ida ba, da ƙunar daji, da saran itace don gawayi sun rage su ƙwarai.

Gandun daji kuma makaranta ne. A Yankari ta ƙasar Bauchi, wadda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, masana suna bin sawun giwaye, har sun ɗaura wa waɗansu na'ura a wuya don a san inda garke ya nufa. Ta haka ake yi wa manoma gargaɗi kafin giwa ta shiga gona.

Ga abin da ake roƙon jama'a:

1. Kada a sayi naman daji, ko fata, ko hauren giwa. In babu mai saye, maharbi zai rataye bindigarsa.
2. Kada a cinna wa daji wuta don neman gafiya ko zomo.
3. Wanda ya ga ana ɓarna, ya sanar da dagaci ko ma'aikatan gandun daji.
4. Malamai su riƙa kai yara Gidan Zu na Audu Bako, su ga dabbobin da idonsu, su koyi sunayensu.

Itacen da aka sare cikin sa'a guda, sai ya shekara ashirin wani bai maye gurbinsa ba. Lalle rigakafi ya fi magani.