KULA DA BAKI BAYAN MAGANIN SANKARAR KAI DA WUYA

Sankara, wato ciwon daji, takan kama baki, ko harshe, ko maƙogwaro, ko can cikin hanci. Likitoci kan yi maganinta da tiyata, ko da magunguna, ko kuma da na'urar gashi mai aika haske cikin jiki. Gashin kan ɗauki mako 6 zuwa 7, kwana 5 a kowane mako. Mutane da dama kan warke, amma warkewa ba ita ce ƙarshen aiki ba, domin hasken da ya kashe cutar yakan bar wa baki rauni.

Abin da gashi ke yi wa baki

Na farko, yakan raunana wuraren da miyau ke fitowa, sai baki ya bushe. Miyau kuwa shi ne mai wanke haƙora dare da rana. Idan ya yi ƙaranci, haƙora kan ruɓe da sauri, haɗiya da magana su yi wuya. A Gombe abin kan tsananta lokacin hunturu da zafin bazara.

Na biyu, jini kan ragu a ƙashin muƙamuƙi. Idan aka cire haƙori a wurin, ko da bayan shekaru ne, mikin na iya ƙin warkewa har ƙashin ya mutu.

Na uku, muƙamuƙi kan sage, har mutum ya kasa buɗe baki sosai.

Kafin a fara gashi

Wajibi ne majinyaci ya ga likitan haƙori tukuna. Haƙorin da ya lalace a cire shi aƙalla mako 2 kafin gashi, domin wurin ya warke. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, wanda aka kafa a 1996 a matsayin Cibiyar Lafiya ta Tarayya, yana da sashen haƙori da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Wanda aka tura Shika ta Zariya ko Abuja domin gashi, ya riƙe takardunsa, ya nuna su bayan ya komo gida.

Bayan an gama

1. A goge baki safe da dare da buroshi mai taushi da man goge baki mai fuloraid. Mai amfani da asuwaki ya tausasa shi sosai, kada ya kurje dasashi.
2. A kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri bayan kowane abinci, a kuma riƙa kurɓar ruwa a kai a kai.
3. A ci abinci mai laushi: kunu, koko, fura da nono, tuwo da miyar kuɓewa ko ta kuka, domin yauƙi na sauƙaƙa haɗiya. A rage yaji da sukari da alewa.
4. A bar sigari da tabar gari da giya gaba ɗaya.
5. A riƙa buɗe baki da rufewa a hankali sau da yawa kullum. Idan yatsu 3 a jere ba su shiga tsakanin haƙora ba, a gaya wa likita.
6. Kada a yarda wanzami ko mai magani a kasuwa ya cire haƙori. Ko likitan haƙori ne, a fara sanar da shi an taɓa yin gashi.
7. Mai niyyar azumi ya nemi shawarar likita da malamai.

Miki a baki da ya wuce mako 2 bai warke ba, ko kumburi, ko ƙashi da ya bayyana, a garzaya asibiti ba jinkiri.

Iyali su ma suna da nasu aiki. Wanda bakinsa ke bushewa kan ji nauyin cin abinci cikin mutane, har ya rame. A zauna da shi a ci tare, a yi haƙuri da jinkirinsa. Wannan kula ta tsawon rai ce, kuma rigakafi ya fi magani.