Idan Kamfanin Mota Ya Durƙushe, Su Wa Yake Dannewa?

Mu da aikinmu shi ne duba littattafan masana'antu kafin banki ya ba su rance, akwai tambayar da muke fara yi wa mai ƙera sassan inji: kamfani nawa ne ke sayen kayanka? Idan ɗaya ne ko biyu, to lafiyarsa ba a hannunsa take ba, komai kyan lissafinsa. Babu sana'ar da wannan ya fi fitowa fili a cikinta kamar ƙirar mota, kuma abin da ya auku a Amurka tsakanin 2008 da 2009 ya isa shaida. Babban hatsarin tangaɗin kamfanin mota a lokacin karayar tattalin arziki yana kan dubban ƙananan masana'antun da ke rataye da shi, waɗanda ba a jin sunansu a labarai.

Mota kaya ce da ake iya ɗage sayenta. Magidancin da yake tsoron rasa aiki ba zai daina cefane ba, amma zai lallaɓa tsohuwar motarsa shekara biyu ko uku. Ga shi kuma a Amurka yawancin masu saye da bashi suke saye, dillalan ma da bashi suke cika filinsu da motoci. Da bankin Lehman Brothers ya rushe a Satumbar 2008, masu ba da rance suka tsuke hannu, ciniki ya tsaya ta gefe biyu. Dama tun a Yulin shekarar galan ɗin fetur ya haura dala 4, alhali General Motors da Ford da Chrysler sun jingina ribarsu kan manyan motoci masu shan mai. Ƙasar da ta sayi sababbin motoci kimanin miliyan 16 a 2007 sai ga ta a miliyan 10 da 'yan kai a 2009. Kuɗin da kamfanonin ke kashewa kuwa bai ragu tare da cinikin ba, domin bashin injuna da fansho da kuɗin asibitin tsofaffin ma'aikata suna nan daram.

A nan ne ƙananan masana'antu ke shiga uku. Mota ɗaya tana ɗauke da dubban sassa, kuma akasarinsu wasu ne ke ƙerawa: wannan kujeru, wancan birki, wani wayoyin lantarki. Sukan kai kaya yau, a biya su bayan makonni, ribarsu kuma siririya ce. Idan babban kamfani ya dakatar da biya, wata biyu kan isa su kasa biyan albashi. Abin da ya ƙara munin lamarin shi ne mai yi wa General Motors birki sau da yawa shi ke yi wa Ford, har da masana'antun Toyota da Honda da ke Amurka, kuma tsarin zamani bai yarda a tara sassa a sito ba. Rashin ƙaramin ƙarfe ɗaya kan tsayar da layin haɗa mota gaba ɗaya. Wannan ne ya sa shugaban Ford na lokacin, Alan Mulally, ya je gaban majalisar dokoki yana goyon bayan a ceci abokan hamayyarsa, ko da yake kamfaninsa ya riga ya ciwo bashin sama da dala biliyan 23 tun 2006, ya jinginar da kusan duk abin da ya mallaka. Ya san gobarar maƙwabci ce, kuma danni ɗaya ya raba su.

Masu adawa da ceton suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Sun ce kamfanonin su suka jawo wa kansu da sakacin shugabanni, kuma idan gwamnati ta saba ɗaukar asarar manya, gobe ma za su yi ganganci. Ɗan siyasa Mitt Romney na cikin waɗanda suka ce a bari su bi hanyar kotun fatara. A lokacin da kasuwa take lafiya, ni ma ra'ayina ke nan. Amma kamfanin da ya shiga kotu don gyara yana bukatar rancen da zai riƙe shi har a gama, kuma a ƙarshen 2008 babu bankin da zai ba da biliyoyin da ake bukata. Ba tare da wannan rance ba, kotu gwanjon kadarori za ta yi. Shi ya sa gwamnatin Bush ta fitar da dala biliyan 17.4 a Disambar 2008, ta Obama kuma ta ɗora. Ba a bar masu laifi sun tsira ba: an sauke shugaban General Motors, Rick Wagoner, a Maris na 2009, Chrysler ta shiga kotu ranar 30 ga Afrilu ta ƙare a hannun Fiat, General Motors ta bi ranar 1 ga Yuni. Masu hannun jari sun yi asarar dukiyarsu, an kashe sunayen motoci irin su Pontiac da Saturn, ƙungiyar ma'aikata ta UAW ma ta sadaukar da wasu haƙƙoƙi.

Sai batun kuɗin jama'a. An zuba kimanin dala biliyan 80, kuma kusan biliyan 10 ba su dawo baitulmali ba. Asara ce ta gaske. Sai dai duk mai auna ta dole ya ɗora a ɗaya gefen sikelin harajin da zai ɓace, da alawus ɗin marasa aiki, da fanshon da zai faɗo kan hukumar inshorar fansho ta gwamnati. Ko da ceton, rashin aiki a jihar Michigan, cibiyar waɗannan kamfanoni, ya kai wajen kashi 14 cikin ɗari a 2009, birnin Detroit kuma ya bayyana fatara a 2013 da bashin kimanin dala biliyan 18, bayan shekaru da dama masana'antu da mutane na ficewa daga cikinsa. Ceton bai warkar da wannan tsohon ciwo ba, kuma ba don shi aka yi ba. Inda gwamnati ta fi jin tsoro ya bayyana a Maris na 2009, lokacin da ma'aikatar kuɗi ta ware har dala biliyan 5 don tabbatar wa masu ƙera sassa cewa za a biya su kuɗin kayan da suka kai, ko da kamfanin da ya karɓa ya shiga kotu.