Kafin Ki Buɗe Kwalbar Magani

'Yata, zauna mu yi magana. Yanzu da ciki ya fito, kowa zai zo miki da nasa maganin. Wannan ta kawo jiƙo, waccan ta ce akwai ƙwaya a kemis mai kashe ciwon baya. Duk ƙauna ce ta kawo su. Ki yi godiya, ki ajiye, ranar awo ki nuna wa ma'aikaciyar jinya. Matambayi ba ya ɓata.

Yawancin abin da kika haɗiya yana isa ga ɗan da ke cikinki. Kafso ɗin nan ja da rawaya, tetracycline, yana ɓata haƙoran yaro tun bai zo duniya ba. Ibuprofen da diclofenac kuwa, idan ciki ya tsufa, suna iya taɓa masa ƙoda da jijiyar zuciya. Amma kada tsoro ya sa ki watsar da waɗanda asibiti suka ba ki. Maganin ƙarin jini, ko ya mai da bayan gida baƙi, ki daure ki sha. Haka Fansidar, da ake bayarwa bayan wata uku na farko don kare ku daga zazzaɓin cizon sauro.

In Allah ya sauke ki lafiya, sai kuma maganar haƙori. Yaro na yin zawo ko jikinsa ya yi zafi, za a ce haƙori ne, a sayo kwalba. A 2008 wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga haɗinsa, ya lalata ƙodar yara a Najeriya, fiye da 80 suka rasu. Iyayen nan sauƙi suka nema wa 'ya'yansu, Allah sarki. Fitar haƙori ba ta buƙatar wani haɗi. Zawo kuma ruwan gishiri da sukari yake so, da zinc, da nonon uwa.

An ce ido ba mudu ba, ya san kima. To, ban da maganin jariri. Da nauyinsa ake auna masa, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli. Ki auna da sirinji ko murfin da ya zo da kwalbar, don cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Ki duba maganin mura, sau da yawa akwai paracetamol a ciki. Kin ba shi wannan, kin kuma ƙara masa paracetamol, hantarsa ce za ta ɗauki nauyin.

Zuma kuma ki dakata sai ya shekara, ko da Goggo ce ta miƙo. In jikinsa ya yi zafi bai kai wata uku ba, kada ki tsaya jiƙa komai. Goya shi ku tafi asibiti, ko da tsakar dare ne.