Waken Turawa a Garka da Tsakar Gida: Ciwonsa da Maganinsa

Ya ƴan'uwa manoman Dungu da kewayen Matameye, Allah ya hore mana fadama mai ruwa kusa. Rake da kabeji da tumatir da albasa duk mun san makamarsu. Amma waken turawa, wanda ake dafa kwasfarsa tana ɗanya kafin ƙwaya ta ƙosa, har yanzu baƙo ne a wurin yawancinmu. Wani ya shuka ya ƙi fita, wani ya yi fure ya zube, sai a ɗora wa iri laifi.

Tushen matsalar guda ne: muna riƙonsa kamar wakenmu na gona. Kama da wane ba ta wane. Wakenmu ɗan Afirka ne, ya saba da rana da jigawa da ƙishirwa. Shi kuwa wannan asalinsa ƙasashen Meziko da Peru ne, sanyi-sanyi yake so da laima marar yankewa. Manoman bakin tafkin Bam a Burkina Faso, waɗanda suka daɗe suna aika shi kasuwannin Turai, da hunturu suke nomansa. Saboda haka kafin ka sayi maganin feshi, tsuguna ka duba abin da ke damun shukar.

Na farko: iri ya ƙi tsira

Tona rami biyu ko uku ka gani. In ƙwaya ta ruɓe tana wari, ruwa ne ya yi yawa ko shuka ta yi zurfi. Zurfin santimita 2 zuwa 3 ya isa, wato kamar gaɓar yatsa. Ka jiƙa fangali tun jajibiri, ka shuka a kan laima, daga nan sai yayyafi kaɗan-kaɗan. Cikin kwana 5 zuwa 8 ya kamata ya ɓullo. In ka tarar da ƙwaya lafiyayya ba ta motsa ba, iri ne ya tsufa. Gwajinsa ba wuya: naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, in bayan mako waɗanda suka tsira ba su kai 8 ba, nemi wani.

Na biyu: ganye ya yi rawaya

Tuge tsiro ɗaya ka dubi saiwa. In ta yi baƙi ta yi laushi, ruwa ke kwana a fangalin. Ka ɗaga kunya, ka buɗe wa ruwa hanya. In bakin ganye ya ƙone, kuma kana ganin fari-fari a kan ƙasa bayan ta sha iska, kanwa ce. Cikin kayan lambu kaɗan ne suka kai wannan wake rashin jure kanwa da gishiri. Ka canza wuri, ka bar wa kabeji wancan fangalin, shi ya fi haƙuri.

Ƙulle-ƙullen da ake gani a saiwa iri biyu ne. Ƙananan da ke maƙale a gefe, waɗanda ke ɓallewa in ka murza, cikinsu ja-ja, na alheri ne, su ke sama wa shuka abinci daga iska. Amma in saiwar ce kanta ta kumbura ta yi gudaji, wata tsutsa ce da ido ba ya gani. Tumatir da gauta da kuɓewa ke tara ta a ƙasa. Kada ka bi bayansu da wake. Bi bayan albasa ko masara.

Na uku: ganye shar, ba fure

Wannan aikin takin zamani ne, musamman farin nan mai sa ganye. Shuka ta ƙoshi ta manta da haihuwa. Ruɓaɓɓen takin gida da aka gauraya da ƙasa kafin shuka shi ne ginshiƙi. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. Uwargida mai shuka a tsakar gida kuma ta lura da inuwa: gindin bedi ko jikin katanga ba wurinsa ba ne, yana son rana ta kamar awa 6.

Na huɗu: fure na zubewa

Nan ne aka fi yin asara, kuma nan ne ake zubar da kuɗi a banza. Idan zafi ya haura maki 32, fure ba ya kamawa, ko me ka fesa. Waken kan fara fure wajen kwana 35 zuwa 40, a soma tsinka tsakanin kwana 50 da 60. Yi lissafi da kanka: wanda ya shuka a Fabrairu, furensa zai gamu da zafin ƙarshen Maris. Lokacin shuka shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Ƙishirwa ma tana zubar da fure, haka iskar hunturu in ta yi ƙarfi. Ka yi darnin kara ta gabas da arewa, ka shimfiɗa ciyawa a gindin shuka, kada ka tsallake ban ruwa daga fure har ƙarshen tsinka.

Na biyar: ƙwari

Juya ganye ka dubi bayansa, can suke ɓuya. Darɓa tana taruwa a kan toho, ganye ya nannaɗe ya yi danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Darɓar ce kuma ke yaɗa ciwon da ke sa ganye dabbare-dabbare ya tsumbure. Wannan ciwo ba shi da magani. Tuge tsiron ka ƙone, kada ka ajiye iri daga gare shi. Ɗan ƙaramin jan gizo-gizo kan zo da ƙura da zafi, ganye ya yi ɗigo-ɗigo ya bushe. Tsutsa kuma tana huda fure da kwasfa. Tsince waɗanda ta huda ka binne.

Maganin farko yana ƙofar gidanka. Daka rabin kilo na busassun ƴaƴan bedi, jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, tace da tsumma, narka ɗan sabulu a ciki. Fesa da la'asar sakaliya, har bayan ganye, ka maimaita bayan mako. Amma maganin da ake tallarsa a kasuwa cikin kwalba marar takarda, ka nisance shi. Wannan wake kwasfarsa ake ci, duk bayan kwana biyu ko uku ake tsinka, abin da ka fesa yau iyalinka za su ci jibi.

Na shida: kwasfa ta yi tauri

Jinkirin tsinka ne. Kwasfa mai kyau ita ce wadda in ka lanƙwasa ta karye ƙas, ƙwaya ba ta fara tasowa ba. In ka bar ta ta ƙosa, uwar sai ta daina sabon fure. Tsinka da safe bayan raɓa ta bushe, ka ajiye a inuwa cikin kwando. Mai kaiwa Kasuwar Dole ta Damagaram kada ya danna shi cikin buhun leda, gumi zai lalata shi tun a hanya.

Wanda bai taɓa nomansa ba ya fara da fangali biyu bana, ya rubuta ranar shuka da ranar fure. In wani abu ya shige maka duhu, tuge tsiro ɗaya da saiwarsa da ƙasar jikinta, ka kai wa malamin gona a Matameye tun bai yi yaushi ba, ka gaya masa abin da ka noma a wurin bara. Allah ya ba mu albarkar noman rani, amin.