Amsoshin Tambayoyinku: Eriya a Kan Kwalekwale

Wani masunci daga Kabo, wanda yake sana'arsa a madatsar ruwa ta Guzuguzu, ya aiko yana tambaya ko na'urar da jiragen teku suke karɓar gargaɗin guguwa da ita za ta amfane shi, kuma ina ya dace ya kafa eriyarta.

To, malam, wannan na'ura sunanta NAVTEX, tana karɓar saƙo a rubuce a kan kilohaz 518. Amma da yake tashoshin da ke watsa shi a gaɓar teku suke, kuma galibi saƙon ba ya wuce mil 400 ko a bisa ruwan gishiri, sayenta a Kabo ko Gwarzo almubazzaranci ne zalla. Abin da ya fi maka alfanu shi ne 'yar rediyonka, wadda ake jin hasashen yanayi na hukumar NiMet a cikinta. Ka zare eriyarta kimanin santimita 75, ka tsayar da ita, ka kuma nisanta ta daga injin kwalekwalenka, domin tartsatsin fulogi shi ne musabbabin ƙarar da ke dusashe muryar mai magana. Idan kuwa hadari ya haɗo daga gabas, aka fara walƙiya, ka naɗe eriyar ka nufi gaɓa ba tare da jinkiri ba.